Gani Ya Kori Ji: Lissafi Ma Yana Buƙatar Wokshof

Duk wanda ya ratsa ND1 a sashen injiniya ko na kimiyya ya san darasin aljabara da tirigonometiri, ya kuma san yadda muke cin jarrabawarsa. A haddace SOHCAHTOA. A haddace cewa sayin na digiri 30 rabi ne, kosayin na digiri 60 ma rabi ne. A ɗiga ɗigo goma sha biyu a takardar giraf, a haɗa su da fensir, a miƙa wa malami. In Allah Ya taimaka an tsallake kari-oba, sai a yi ajiyar zuciya, a ce an rabu da sayin da kosayin. Ina! Ana shiga ND2 za a tarar da su zaune suna jira: a darasin lantarki, a safiyo, a lissafin rufin gini, a injinan da ke juyawa. A lokacin kuwa hadda ta riga ta zube.

Ra'ayina a nan guda ɗaya ne. An kafa foliteknik ne domin a koyi abu da hannu. Mai karatun walda yana riƙe ƙarfe, mai karatun gini yana kwaɓa siminti, mai karatun lantarki yana murɗa waya. Lissafi ne kaɗai muka bari ba shi da wokshof, alhali shi ne ya fi jefa mu cikin kari-oba. Yanzu kuma akwai wokshof ɗin, kyauta ne, kuma kwamfutocin da ke cikin makarantar nan za su iya ɗaukarsa. Abin da ya rage shi ne mu nema, ƙungiyarmu kuma ta tsaya mana.

Mene ne wannan wokshof?

Sunansa Jupyter Notebook. Shafi ne da ake buɗewa a burauza, an raba shi akwati-akwati. A wani akwatin ka rubuta bayani da duk harshen da ka ga dama, har da Hausa. A na ƙasa ka rubuta 'yan layukan kod da harshen Python, ka danna, sakamakon ya fito nan take a ƙarƙashinsa, lamba ce ko zane. Asalinsa aikin ɗalibi ne kamarmu. A shekarar 2001 Fernando Pérez, ɗan ƙasar Kolombiya da ke karatun digiri na uku a fannin fiziks a Jami'ar Colorado ta Amurka, ya fara rubuta wata manhaja mai suna IPython don sauƙaƙa wa kansa aiki. A 2014 aka fitar da Jupyter daga cikinta. Masu binciken LIGO, waɗanda suka gano girgizar da karon manyan baƙaƙen ramukan sararin samaniya ta haifar a 2015, da irin wannan littafin suka buɗe wa duniya bayanansu don kowa ya maimaita lissafin da kansa.

Abin da ya shafe mu bai kai can ba. Kayan aiki uku kawai muke buƙata: NumPy mai yin lissafi, Matplotlib mai zana giraf, da ipywidgets mai samar da silaida, wato ɗan maɓallin nan da ake ja hagu da dama kamar na ƙara hasken fuskar waya. Da kod ɗin da bai wuce layi goma ba, ka rubuta y = A sin(Bx + C) + D, ka kira umarnin da ake cewa interact, sai silaida huɗu su bayyana a saman zanen, kowane harafi da nasa.

Ja A, igiyar ta ƙara tsawo sama da ƙasa, ko ta kwanta ta zama layi miƙaƙƙe idan ka kai shi sifili. Ja B, tuddan su matsu da juna ko su baje. Ja C, igiyar gaba ɗaya ta zame gefe ba tare da siffarta ta canza ba, kuma da ta zame digiri 90 daidai sai ka ga sayin ya koma kosayin a gaban idonka. Ja D, duk zanen ya ɗaga sama ko ya sauka. Aikin da a takarda zai ci maka sa'o'i da fensir biyu, a nan cikin minti ɗaya ka ga giraf hamsin.

Kafin ka ce ai ka riga ka san wannan, yi wani gwaji. Juya ka tambayi na kusa da kai a aji: idan aka ninka B sau biyu, igiyar za ta faɗaɗa ko za ta matse? Ka lura da tsawon shirun da zai yi, ka kuma lura ko amsar ta fito daga fahimta ne ko canki-canka. Wannan shirun shi ne matsalar da nake magana a kai.

Wutar da ke cikin soket

Wani zai ce to, an ga igiya tana rawa, sai me? Bari mu ɗauki abin da ke bangon ɗakinmu. Wutar da ake rabawa a Najeriya bolt 230 ce, tana maimaita zagaye sau 50 a daƙiƙa. Ma'ana, kowane zagaye yana ɗaukar kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, kuma a kowace daƙiƙa wutar tana ratsa sifili sau ɗari. Zana ta a littafin, ka sa A ya zama 230, za ka yi kuskure. Lambar 230 da mita ke nunawa wani nau'in matsakaici ne da ake kira RMS. Ƙololuwar igiyar tana kaiwa kusan bolt 325, wato 230 sau tushen 2. Mai gyaran da ya taɓa ganin wannan a zane ba zai sa kafasita mai jure bolt 250 a inda aka miƙar da wutar soket ba, don ya san abin da zai biyo baya: ƙara da hayaƙi.

Haka B. Ƙaramin janareto mai maganaɗisu baki biyu sai ya juya sau 3000 a minti kafin ya ba da zagaye 50 a daƙiƙa. In an ɗora masa kaya fiye da ƙarfinsa, injin ya fara nishi, juyin ya ragu, to B ne ya sauka. Abin da kunne ke ji a bayan hostal, shi ne silaida ke nunawa a allo.

Inda abin ya fi burge ni shi ne fes uku. Dukanmu mun san gidajen da ake canza fes idan ɗaya ya ɗauke ko ya yi rauni. Zana igiyoyi uku masu tsawo ɗaya, ka raba su da digiri 120 ta hanyar C, sannan ka zana jimillarsu. Za ka ga layi kwance a kan sifili, ko motsi ba ya yi. Yanzu ja tsawon ɗaya daga cikinsu sama, kamar dai unguwa ta taru ta koma kan fes guda. Nan take layin da ke kwance zai tashi ya fara kaɗawa. Wannan shi ne wutar da ke bi ta wayar nutural idan kaya ba su daidaita ba, kuma yana cikin dalilan da ke sa taransifoma ta yi zafi ta ƙone, unguwa ta shiga karo-karo. Ɗebe igiya ɗaya daga wata kuma, ka ga inda bolt 400 na tsakanin fes da fes ya fito: 230 sau tushen 3.

Sai inbata. A kasuwa akwai mai tsada da ake cewa tana ba da tsantsar igiyar sayin, akwai mai araha da igiyarta take hawa-hawa kamar matakala. Mai shago zai ce maka duk wuta ce. Littafin Jupyter zai nuna maka bambancin. Tun 1822 Bafaranshen nan Joseph Fourier ya wallafa aikinsa da ke nuna cewa igiya mai maimaituwa ana iya gina ta da tarin igiyoyin sayin. Ɗauki mai zagaye 50, ka ƙara mata kashi ɗaya cikin uku na mai 150, da kashi ɗaya cikin biyar na mai 250, ka sa silaida da ke ƙara yawansu. Da kaɗan-kaɗan za ka ga igiya mai santsi tana komawa mai kusurwoyi. Waɗannan ƙarin igiyoyin su ne ke sa fanka kuka, su sa injin firji zafi. Wanda ya ga haka zai iya yi wa kwastoma bayani da hujja, ba da rantsuwa ba.

Rana a kan Dayi

Ni ɗan Dayi ne, a ƙaramar hukumar Malumfashi, kuma misalin da ya fi kusa da zuciyata daga gona yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani da yawa a yankinmu, daga Malumfashi har Funtua, suka fara duba famfon sola a madadin injin ban ruwa mai shan fetur. Wa zai kafa musu faifan? Mu ne, masu riƙe da ND da HND. To a wane karkace za mu kafa shi, ya fuskanci ina?

Dayi tana kusan digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Karkatar rana a cikin shekara ita ma igiyar sayin take bi kusan daidai, mai tsawo digiri 23.4 da zagayen kwana 365. Sa ranar shekara a kan silaida ka ja. Za ka ga rana tana tsayawa daidai tsakiyar ka sau biyu a shekara, a kwanaki goman ƙarshe na Afrilu da kuma na Agusta. Tsakanin waɗannan lokutan inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa. Wajen 21 ga Disamba, da tsakar rana, rana tana karkace kudu da kusan digiri 35, har sanda mai tsawon mita ɗaya ta yi inuwar kusan santimita 70.

Hasken da ke sauka kai tsaye a kan faifai yana tafiya ne da kosayin na kusurwar da ke tsakanin rana da fuskar faifan. Kaucewar digiri 10 ba ta cin ko kashi 2 cikin ɗari. Ta digiri 30 tana cin kashi 13. Ta digiri 60 tana cin rabi cur. Saboda haka faifan da aka shimfiɗa a kwance a Dayi yana asarar kusan kashi 18 cikin ɗari na wannan hasken da tsakar ranar Disamba. Karkata shi digiri 12 ya dubi kudu, asarar ta dawo kusan kashi 8. Kai shi digiri 25, ta koma kusan kashi 2. Disamba zuwa Fabrairu kuwa shi ne lokacin da tumatir da albasa suka fi buƙatar ruwa, ga kuma hazo yana rage haske. Wanda zai yi amfani da faifansa duk shekara lissafinsa daban, mai noman rani zalla nasa daban. Manomin da ya sayar da buhunan masara ya sayi faifai ya cancanci mai kafawa da ya san wannan bambancin.

Kada kuma wani ya ce ilimin baƙo ne aka ɗora mana. Kalmar sayin kanta 'yar uwar wata kalma ce da ke jikin rigarka. Masana lissafin Indiya irin su Aryabhata suna kiran abin jiba ko jiya, wato tsirkiyar baka. Larabawa suka ara, suka rubuta ta da baƙaƙe uku ba wasali, daga baya aka karanta ta jaib, ma'ana wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 suka ba ta sinus, mai ma'anar lanƙwasar tufa. Daga wannan al-jaib ɗin ne Hausa ta samo aljihu. Malamai irin su al-Battani da Abul Wafa sun yi aiki da inuwar sanda wajen lissafin da yau muke kira tanjent, kuma har gobe da tsawon inuwa ake gane shigar la'asar. A ƙasar Katsinar nan aka yi Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. Gado ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Uzurorin da za a kawo

Na farko, babu laftof, babu wuta, data ta yi tsada. Gaskiya ne, ba na musu. Amma Jupyter ba ya buƙatar intanet bayan an girka shi. Mutum ɗaya ya sauke kunshin Anaconda a filas, a zagaya da shi kwamfutocin lab, an gama. Mai waya kuma zai iya buɗe Google Colab a burauza, kodayake shi sai da data, kuma rubuta kod a ƙaramin allo akwai wahala. Akwai GeoGebra da Desmos, su ma suna da silaida kuma sun dace da waya. Da babu gara ba daɗi, a fara da su. Dalilin da ya sa na fifita littafin Jupyter shi ne yana haɗa bayani da kod da zane wuri guda, kana iya zuba masa awon da ka yi da hannunka a fili, kuma Python ɗin da ka tsinta a hanya zai bi ka har furojet da neman aiki.

Na biyu, za a ce jarrabawa da biro ake rubuta ta, ba da silaida ba. Haka ne, kuma ban ce a jefar da fensir ba. Amma wanda ya ga abin da C ke yi sau ashirin, hannunsa ba zai yi rawa ba idan aka ce ya zana y = 2 sin(x + 30°) a ɗakin jarrabawa. Hadda tana gudu idan tsoro ya zo. Hoton da ya zauna a kai ba ya gudu da sauƙi.

Na uku shi ne uzurin da na fi girmamawa, kuma malamanmu suna da hujja idan suka kawo shi: ɗalibi zai iya zama awa guda yana jan silaida kamar mai buga gem, ya tashi bai ƙaru da komai ba. Ko ya sa manhajar AI ta rubuta masa kod, ya kwafa ya liƙa, ya miƙa. Wannan haɗarin gaske ne. Maganinsa doka ɗaya ce: kada ka taɓa silaida sai ka rubuta hasashenka a takarda. Ka ce, idan na kai B zuwa 3, tuddai uku zan gani tsakanin sifili da digiri 360. Sannan ka ja. In ka dace, ka fahimta. In ka saɓa, ka tsaya ka nemo dalili, don a daidai nan karatun yake. Ja ba hasashe kallo ne kawai, kuma kallo ba ya cika ciki.

Kwamfuta ma tana da nata tarkon ga wanda bai san lissafi ba. Rubuta sayin na 30 a NumPy kai tsaye, ba za ta ba ka 0.5 ba, za ta ba ka kusan −0.988, saboda ita da radiyan take awo, ba da digiri ba. Nemi tanjent na digiri 90, wanda a lissafi ba shi da ƙima, sai ta miƙo maka wata ƙatuwar lamba mai alƙaluma goma sha bakwai. Zana tanjent ba tare da kula ba, za ta ja wani dogon layi tsaye a wurin da bai kamata a ga komai ba. Wanda zai gane ƙarya ce sai wanda ya saurari malami a aji. Don haka littafin nan ba kishiyar malami ba ne, ɗan aikensa ne.

Abin da nake nema

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, buƙatuna uku ne, kuma babu wadda ta kai kuɗin rumfa da kujerun makon ɗalibai.

Ɗaya, ku nemi hukumar makaranta ta ware mana ɗakin kwamfuta yamma ɗaya a mako, awa biyu, da tabbacin wuta, a kuma girka Jupyter a kwamfutocin tun kafin ranar. Ku kai buƙatar a rubuce, da sa hannun wakilan sassa, kada ta tsaya a alkawarin kamfe.

Biyu, ku haɗa 'yan HND na sashen kwamfuta da na lantarki su zama masu jagora. Su ma riba ce gare su, don ba ka sanin ka iya abu sai ka koyar da shi. A ware lokacin da zai dace da 'yan uwanmu mata, musamman masu zuwa daga gida da ba za su iya kai magariba a makaranta ba. Kada abin ya zama na 'yan hostal ɗin maza kaɗai.

Uku, mu rubuta littattafanmu da kanmu, bayanin da Hausa da Turanci, misalan daga inda muka fito. Littafi ɗaya kan wutar soket, ɗaya kan fes uku, ɗaya kan karkatar faifan sola da silaidar da kowa zai sa matsayin garinsu, ko Dayi ne ko Daura ko Jibiya. 'Yan safiyo su yi na auna tsawon tankin ruwa daga nesa, 'yan gini su yi na gangaren rufi. A ajiye su a filas ɗin ƙungiya, kowane sabon ND1 ya gada, ya gyara, ya ƙara.

Ga malamanmu kuma, roƙo ne cikin ladabi. Minti goma a farkon darasi, da majigi ko da laftof ɗaya da za a zagaya da shi, ya isa a nuna wa aji abin da haruffan nan huɗu ke yi kafin a shiga rubutu a allo. Manhajar da hukumar NBTE ta tsara wa foliteknik ta ginu ne a kan aiki da hannu, don haka ba sabon abu muke nema ba.

Mun daɗe muna kukan bambancin da ake nunawa tsakanin HND da digirin jami'a, kuma kukan yana kan hanya. Sai dai hujjarmu mafi ƙarfi a wannan gwagwarmaya ita ce a ce ɗan foli ya san abin da yake yi idan ya tsaya gaban inji. Ranar da mai gida ya tambaye ka dalilin da fankarsa ke kuka, ko manomi ya tambaye ka ina faifansa zai duba, ba sakamakon simesta zai nema ba.

Kai da ke karanta wannan, kada ka jira sai ƙungiya ta zauna. A makon nan ka nemi abokin da ke da laftof, ko ka buɗe GeoGebra a wayarka. Rubuta y = A sin(Bx), ka rubuta hasashenka a bayan handawut, sannan ka ja. In ka gane, ka nuna wa mutum biyu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya kuma raba mu da kari-oba.